Ranar da Aka Cire wa Inna Injin Numfashi

Innarmu ta faɗi ne da hantsi, lokacin kaka, tana shiƙar hatsi a tsakar gidanmu na Unguwar Lalle. Matar yayanmu ce ta ji faɗuwar ƙwarya, ta fito daga madafa ta iske ta kwance bisa gefen dama, bakinta ya karkace. Ni ina Isa a lokacin, inda nake aure, ina koyar da matan aure a wata islamiyya ta unguwarmu. Mu uku ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa. Akwai Yaya, wanda ya riƙe gonakin mahaifinmu bayan rasuwarsa, ya zauna da ita a gida. Sai ni. Sai autanmu, wanda ya yi boko har ya samu aikin ofis a Sakkwato.

Duk garin an san Inna da abu guda. Idan ciwo ya tsananta ga wata mace har aka fara fid da rai, ita ake aikawa a kira. Takan ɗauki hijabinta da ɗan ƙullin auduga ta tafi, ta zauna wajen kan maras lafiya, ta riƙa jiƙa mata leɓe da ruwa, tana faɗin kalmar shahada a hankali kusa da kunnenta. Ba ta cewa mutum ya maimaita, faɗi kawai take yi ya ji. In rai ya fita ita ke rufe ido, ta ɗaure haɓa, ta jagoranci wanka. Ba ta son hayaniya wajen mai cikawa, kuma sau da yawa na ji tana cewa babu abin da take roƙon Allah irin ta cika a ɗakinta, bisa tabarmarta. Tana da hawan jini. Auta yana aiko mata da magani, ita kuwa ba ta shan shi sai ranar da kanta ya matsa mata da ciwo.

Da labari ya iske ni, ɗan kabu-kabu na ɗauka zuwa Sabon Birni, inda Yaya ya kai ta asibiti. Na same ta an ɗaura mata ƙarin ruwa. Idonta a buɗe yake, ta kuma gane ni, don da na sunkuya ta sa hannun hagu ta kama bakin hijabina. Ta yi ta motsa baki, magana ba ta fita sosai. Kalma guda ce na ji da kyau, kuma Yaya da ke tsaye bayana shi ma ya ji. Cewa ta yi, “Gida.”

Likitan da ya duba ta bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yana zaton jijiya ce ta fashe a cikin kai, su ba su da abin ɗaukar hoton da zai nuna, sai babban asibiti a Sakkwato, kuma ko can bai yi mana alkawarin komai ba. Yaya ya ce a mai da ta gida. Auta kuwa ta waya yake ta magana, yana cewa ya ga waɗanda suka fi haka an kai su sun tashi, kada mu bari ta mutu a hannunmu alhali akwai magani. Suka yi ta ja, wayar tana yankewa ana sake kira. Daga ƙarshe dukansu ni suka juyo wa.

Na ce a tafi Sakkwato. Ban ga yadda za ni dubi uwata tana numfashi in ce a koma da ita a jira ba. Yaya ya dube ni ya ce, “Ke ma kin jiya abin da tac ce.” Na ce ciwo ne, ba ta san abin da take faɗi ba. Ya fita neman mota.

Kafin mu wuce Goronyo ta daina buɗe ido. Da muka isa, numfashinta ya koma wani irin minshari mai nauyi. Auta yana jiranmu bakin ƙofa. Aka yi hoton kai, aka gungura ta zuwa wani ɗaki a sama, inda ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya kai matuƙa. Wata nas ta fito ta ce numfashin yana neman tsayawa, za a sa mata inji ya taimaka mata, ko mun yarda. Auta ya ce a sa tun ba ta rufe baki ba. Ni da Yaya ba mu ma san abin da ake nufi ba sai da muka gani.

Ɗakin ba a shiga sai ɗaya bayan ɗaya. Sai ka cire takalmi, ka wanke hannu, a ba ka wata riga ka ɗora bisa tufafinka. Sanyi ne ciki kamar ba a Sakkwato ba. Da na shiga karon farko na wuce gadonta ban gane ta ba, sai da nas ta jawo ni baya. An cire mata kallabi, furfurarta a waje, abin da ban taɓa gani a gaban baƙi ba. An zura mata roba mai kauri ta baki an manne da filasta, wata siririya ta hanci. Ƙirjinta yana tashi yana sauka daidai da hucin injin da ke gefenta, ba ya sauri ba ya jinkiri. Na roƙi nas ɗin ta bar ni in rufe mata kai. Ta ba ni wata hular roba irin tasu, ta ce wannan kaɗai ake bari. Na sa mata.

Muka koma zaman masu jinya. Akwai itatuwan dogonyaro bayan ginin, nan kowa ke shimfiɗa tabarma, mutanen Kabi da na Zamfara da na ƙetaren iyaka, kowa da wanda yake jira. Matar auta tana kawo mana abinci. Shi kuma daga ofis nan yake wucewa, ya san sunan kowane magani, yana bin likitoci da tambaya har bakin matakala. Idan ya shiga ya fito, sai ya ce yau ya ga yatsanta ya motsa, ko ya ga fuskarta ta yi haske. Ni ina shiga ba na ganin komai, amma nakan ce na gani. Yaya shiga ɗaya ya yi, bai sake ba. Yini yake zaune da carbi, in an kira salla ya tashi. Hatsinsa yana can tsaye a gona, maƙwabta sun yanke nasu, shi nasa tsuntsaye na ci, amma ban ji ya ambaci wannan ko sau ɗaya ba.

Mun haura mako a haka sai babbar likitar ɗakin ta aiko a kira mu. Mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da mu a wani ɗan ofis, ta nuna mana hoton kan Inna, ta ce jinin da ya zuba ya lalata wuri mai faɗi, kuma sun sake dubawa ita da abokan aikinta, babu alamar za ta farfaɗo. Ta ce injin ba magani yake yi ba, iska kawai yake turawa, yanzu kuma huhun ya fara kamuwa, ƙoda ta fara gajiya. Auta ya tambaya ko akwai wani asibiti a wata ƙasa da za su iya. Ta ce a saninta babu.

“Shawarata a cire injin, a bar ta ta huta,” in ji ta. “Ba za mu daina kula da ita ba, ba za mu bari ta ji zafi ba. Amma ba zan yi ba sai kun yarda. Ku je ku yi shawara, ku tambayi malamanku.”

Yaya ya tambaya in an cire, wane lokaci za ta ɗauka. Ta ce tana zaton ba za ta daɗe ba, wataƙila kafin mu gama addu'a, amma sanin wannan sai Allah.

Muka aika wa Kawu, ƙanen Inna, wanda ke da makarantar allo a Turba, kuma shi ya koya mana karatu dukanmu. Ya taho washegari da ɗan buhunsa da butarsa. Aka sa mashi rigar nan bisa babbar rigarsa ya shiga, ya daɗe, ya fito idonsa ja. Da aka gaya mashi maganar likita bai yanke hukunci nan take ba. Ya ce shi a littattafan da ya karanta bai iske injin da ke yi wa mutum numfashi ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba a kan rai. Ya shiga gari wajen wasu malamai da suka yi karatu tare da ƙuruciya, ya yini can. Da ya dawo ya tara mu ƙarƙashin itace. Ya ce abin da ya samo shi ne, idan likitoci amintattu, ba guda ba, suka haɗu a kan cewa babu sauran fatan warkewa, to janye injin ba kisa ba ne, barin magani ne da ya daina amfani, kuma babu zunubi ga wanda ya yarda. Ya ce wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba shi ma ba a tilasta mashi.

“Ajalinta ba shi cikin injin ga,” ya ce. “In da sauran kwana, ko an cire tana tashi. In babu, riƙonta kawai muke yi.”

Yaya ya ce shi ya yarda. Ni ma na ce na yarda. Auta ya ce shi ba zai sa hannu a kashe uwarsa ba. Kawu ya yi ta lallashinsa. Yaya ya ce tun farko ba a ji maganarta ba, ko yanzu a ji. Nan ne auta ya miƙe ya faɗi abin da har yau bai goge ba.

“Hatsinka da kab bari gona shi ka damunka, ba Inna ba.”

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya tafi wajen famfo, ya yi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Kawu ya ce wa auta ya ji tsoron Allah, wannan mutum shi ya ɗauki Inna shekara da shekaru, ci da sha da jinya. Auta ya zauna ya rufe fuska. Na san ba daga zuciyarsa maganar ta fito ba. Shi ne wanda ya fi kowa nisa da ita, shekara takan zagayo bai kwana gida ba saboda halin hanya, kuma ina jin yana ganin in ya sake ta yanzu, ba shi da sauran abin da zai yi mata.

Abin da ya sauya shi ba maganar kowa ba ce. Bayan kwana biyu ya shiga daidai lokacin da nas-nas ke juya ta suna goge mata jiki, ya ga bayanta ya fara salewa, hannuwanta sun kumbura har zoben azurfarta ya nutse cikin yatsa. Ya fito ya same ni, ya ce, “Adda, ku yi abin da kunka ga ya dace. Amma ni ba ni iya tsayawa in gani.” Ya je ya shaida wa likita da bakinsa, ya shiga motarsa ya tafi, ya kashe waya.

Da hantsi aka cire. Likitar ta bar mu mu uku muka shiga tare, ni da Yaya da Kawu, aka ja labule. Na roƙa a juya gadon ya fuskanci alƙibla, suka matsar da kayansu suka juya. Aka yi mata wata allura. Kawu ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Nas ta ɓanɓare filastar a hankali, likitar ta ce bisimilla, ta zare robar, ta kashe injin. Ɗakin ya yi tsit. Sai a lokacin na lura da yadda hucinsa ya cika mini kunne duk kwanakin nan. Na goge mata baki, na ɗaura mata kallabinta da na taho da shi, na sunkuya wajen kunnenta ina faɗin kalmar shahada, ina jiran abin da aka ce zai zo.

Bai zo ba. Ta ja numfashi guda mai tsawo, ta tsaya har na ɗauka shi ke nan, sai ta sake ja. Kawu ya kai ƙarshen sura ya soma wata. Aka kira azahar tana numfashi da kanta, a hankali, ba daidai ba, amma nata ne. Fuskarta ta koma tata. Na tambayi likitar ko wannan alamar sauƙi ce. Ta girgiza kai, ta ce wani lokaci haka yake faruwa, jiki yakan riƙe na ɗan lokaci, yana iya zama yini, yana iya wuce haka, amma maganar ba ta canza ba.

Yaya ne ya fara faɗin abin da ke ranmu. Ya tambayi likitar ko za a iya tafiya da ita gida. Ta ce tana iya cikawa a hanya, amma in mun fahimci haka ba za ta hana mu ba, za ta ba mu abin da za mu buƙata. Yaya ya ce a tashi yanzu, in aka kama hanya ana isa da rana. Kawu ya ce ba a fita da ita ɗanta bai sani ba, in ta cika a hanya ba ya nan, abin zai zame mana rigimar da ba ta ƙarewa. Ni ma na ga haka. Muka shiga neman auta. Wayarsa a kashe, ba ya gida, ba ya ofis, matarsa ba ta san inda ya nufa ba. Yaya ya je tasha ya samo direban da ya yarda, mutumin ya zo ya tsaya bakin asibiti yana duban rana. Da la'asar ta gota ya ba mu haƙuri, ya ce kowa ya san ba a bin hanyar nan in rana ta yi sanyi, shi ma yana da ɗiya. Ba mu ga laifinsa ba.

Gab da magariba auta ya dawo. Ashe wani masallaci ya je can bayan gari ya zauna, yana jiran lokacin da zai kunna waya ya ji an ce an gama. Ya zo da shirin jana'iza, sai ya iske ta tana numfashi, babu roba, babu inji. Ya durƙusa wajen ƙafafunta ya riƙe su yana kuka marar sauti. Da aka gaya mashi an so tafiya da ita gida, shi ake jira, ya ɗaga kai ya dubi Yaya. Yaya yana duban bango. Auta ya ce da safe shi zai kai ta da kansa.

Ta kwana da rai. Gari na wayewa aka shimfiɗa bargo a kujerar baya, aka kwantar da ita, kanta bisa cinyata. Kawu ya matse a gefe yana riƙe da ƙafafunta, Yaya a gaba, auta yana tuƙi. Yana tafiya a hankali saboda ramuka, ni kuwa a raina ina cewa ya ƙara wuta. Gefen hanya duk an yanke hatsi an jera dammuna, mata na tsince-tsince a gonaki. Ina jiƙa mata leɓe, ina faɗin kalma. Mun wuce Achida da ɗan nisa, ba mu kai Goronyo ba, ta ja numfashi ta saki, na jira na gaba bai zo ba. Na ɗan ƙara jira. Sannan na taɓa Kawu. Ya duba, ya yi salati, ya ce wa auta ya tsaya.

Muka tsaya gefen wata gonar dawa. Na rufe mata ido, na yage bakin ɗankwalina na ɗaure mata haɓa. Babu wanda ya yi kururuwa. Auta ya kifa kai bisa sitiyari. Can Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Mu tahi, rana na yi.” Muka ci gaba. A ɗakinta aka yi mata wanka, matan da suka saba taya ta su suka yi, ni ina zuba ruwa. Bayan azahar aka kai ta. Jama'ar da ta taru ban taɓa ganin irinta ga jana'izar mace a garin ba.

Ban taɓa nadamar cire injin ba. Na ga fuskarta kafin a cire, na gani bayan an cire. Abin da ke dawo mini shi ne yinin nan da muka zauna muna kiran wayar da ke kashe, ga mota a tsaye, ga rana a sama, ga ta tana numfashi. Da mun tashi da ta kwana a ɗakinta. Amma da mun tashi, da auta ya dawo ya iske gado babu kowa, kuma ban san wane irin mutum zai zama bayan haka ba. Nakan juya abin ta kowace fuska, ban samu inda yake zama daidai ba. Wani lokaci kuma tunanin yakan koma baya can Sabon Birni, lokacin da idonta ke buɗe. Da mun juya da ita daga nan, da ta cika tana ganin mutanenta, mu kuma da mun rayu muna cewa wataƙila da an kai ta Sakkwato ta tashi. Kawu ya ce mini wannan tunani ba ya da amfani, inda aka rubuta mata nan ta cika. Na yarda da shi, amma tunanin bai daina zuwa ba.

Bayan addu'ar bakwai auta ya nemi gafarar Yaya a gaban Kawu. Yaya ya ce ya yafe, babu komai, suka yi musabaha. Ba su sake zama kamar da ba. Ba gaba suke yi ba. Duk kaka Yaya yakan aika mashi da hatsi da wake a motar kasuwa, shi kuma yakan aiko da taki da yadin salla na yara. Amma saƙon ta hannuna yake bi, ko ta hannun matansu. Kawu ya yi ta ƙoƙarin zaunar da su har Allah ya yi mashi rasuwa.

Bara ɗiyata ta fari ta haihu a gidana, Yaya da auta suka zo suna, kowa da tasa hanya, suka haɗu a zauren maigidana. Na aika masu da tuwo a kwano guda da gangan, na tsaya bayan ƙofa ina saurare. Sun ci tare. Sun yi zancen ruwan bana da tsutsar da ta shiga wake, da wuraren da hanya ta ƙara lalacewa. Auta ya ce wa Yaya ya riƙa zuwa ana auna mashi jini, Yaya ya ce to. Da aka yi azahar auta ya ce zai kama hanya tun da sauran rana. Yaya ya raka shi har bakin mota, ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya dawo ya tambaye ni ko akwai sauran hura.